Harafin da Aka Ƙara wa Adda

Kwana uku ke nan Sha'aibu yana fama da kwamfutar ofis, ita kuwa ko a jikinta. Ofishin ɗaki biyu ne a Gumel, na wani shirin kula da makiyaya, shekarar kuma 1997. A cikin faifai ɗaya da bai wuce tafin hannu ba akwai sunayen gidajen makiyaya ɗari huɗu, da burtalinsu da mashayarsu, tun daga Maigatari har Gagarawa da Sule Tankarkar. Takardun asali gara ta gama da su tun bara. Ran Litinin kwamitin filaye na gwamnati zai zauna, duk burtalin da bai shiga rajista ba gona zai koma da damina. Cikin sunayen har da na yayarsa Adda, wadda ta riƙe shi bayan rasuwar iyayensu, mai shanu goma sha ɗaya da hanya ɗaya tak zuwa ruwa.

Sharaɗin kwamitin ɗaya ne. Marigayi George, wanda ya bi ruga ruga ya tattara bayanan, ya sa kwamfuta ta fitar da wata lamba daga dukkan haruffan da ke faifan, ya aika musu, ya kuma rubuta ta da biro a jikin faifan. Lambar tantancewa ake ce mata. In an sake lissafi ta fito daidai, ba wanda ya taɓa komai. In harafi ɗaya ya motsa, ta sauya gaba ɗaya, faifan kuma ya tashi a banza. Aikin Sha'aibu kawai ya sake lissafin, ya buga a takarda ya haɗa da faifan.

To, a nan gizo ke saƙar. Lissafin yana buƙatar wani ɗan ƙunshin umarni da masu harkar ke kira laburare, wanda ya samo a Kano. Ya ɗora shi, ya kira shi a farkon shirinsa yadda aka nuna masa, kwamfuta ta ce ba ta gan shi ba. Ga shi kuwa yana kallonsa ƙuru-ƙuru a allo. Ya goge ya sake ɗorawa. Ya zaci tsoho aka ba shi, ya hau mota ya koma Kano ya karɓo sabo, amsar dai ita ce. Wuta ta ɗauke sau biyu yana tsakiyar aiki. Ran Alhamis har rarrashinta ya yi da Fillanci, kamar saniyar da ta ƙi tsayawa a tatse ta.

Da hantsin Jumma'a, Cecilia mai buga takardun ofis, wadda ta zo daga Filato tun kafin ta haifi 'yarta ta fari, ta tsaya a bayansa tana kallo.

"Malam Sha'aibu, a ina ka ajiye abin?"

"A ma'ajin da na buɗe da sunana, Madam. Ga shi nan."

"Wannan 'yar wutsiyar da ke tsakiyar sunanka fa? Ni ma kullum sai ta ba ni wahala a tafireta. George ya taɓa ce min a wurin na'urar nan alamar rufe magana ce."

Sha'aibu ya sake duban sunansa a allo. Ashe kwamfutar tana karanta Sha, ta ga alamar, ta ɗauka zance ya ƙare, ta tafi neman wurin da babu shi. Ya cire alamar, ya zama Shaaibu, ya danna. Nan take laburare ya shigo. Dariya ta kama shi har da riƙe ciki, kwana huɗu a kan ɗan ɗigon da ko tururuwa ya fi shi girma.

Ya saka faifan George. Na'ura ta yi 'yar ƙararta, lamba ta fito. Ya duba allo, ya duba rubutun biro. Ko harafi ɗaya ba su haɗa ba.

"Ko zafi ne ya lalata shi?" in ji Cecilia.

Ya buɗe faifan, komai lafiya lau. Sunaye a jere, tsaf. Tsaf ɗin ne ma ya tuna masa da abin da ya manta. George mutumin kirki ne, amma kunnensa bai taɓa kama sunayen Fulani ba. Ada ya rubuta a maimakon Adda. Bara, wata rana da ba aiki, Sha'aibu ya gani, abin ya sosa masa rai, ya ce yayarsa ba za ta shiga takardar gwamnati da rabin suna ba. Ya ƙara mata harafinta. Da ya ga ya yi kyau sai ya bi sauran, Mano ya koma Manu, Umulkeri ta koma Ummulkhair. Ya adana a kan na asali, ya tafi gida yana jin ya yi wa danginsa abin arziki.

"Ni ne, Madam," ya ce. "Ni na taɓa."

"To mayar da su yadda suke mana."

Ya goge harafin Adda da hannunsa, ya sake lissafi. Ba ta dace ba. Ya mayar da Mano. Ba ta dace ba. Cecilia ta ja kujera ta zauna, tana faɗin sunayen da irin bakin George, shi yana rubutawa. Amma gyaran ya kai sittin ko saba'in, kuma dole kowane kuskure ya koma daidai yadda mamacin ya yi shi. Lambar ba ta cewa ka kusa. Ko ɗaya ya rage, ko hamsin, amsarta ɗaya ce. Aka kira sallar Jumma'a, ya je ya dawo, suka ci gaba har la'asar, Cecilia ta fara maimaita waɗanda suka riga suka gwada.

"Ba za mu same ta ba, Malam," ta ce a hankali.

Ya sani. Baƙin ciki ya kama shi, irin wanda ba ka da wanda za ka ɗora wa laifi sai kanka. Ya tuna ran kasuwar Maigatari zai ga Adda, za ta tambaye shi maganar burtali da fara'arta, don ta san ƙaninta ne a kan aikin.

Kafin ya kashe kwamfutar ya gangara layin Adda, ya mayar mata da harafinta. Sunan ya tsaya daidai, a faifan da ba wanda zai karɓa.