Agwagin Deshun da Dashen Bakin Teku

"Ba zan buɗe ba, Baba."

Qiuyan ta jingina da ƙyauren gora, ƙafafunta cikin taɓo. Agwagin gidansu sai kuka suke, sun ga teku ta janye, lokacin kiwo ya yi. Mahaifinta Deshun ya riƙe ƙugu.

"Ke! Na kai ki jami'a, abin da kika karanto ke nan? Hana agwagwa cin abinci?"

"Su je gabas, cikin manyan itatuwa. Nan dashe ne, ko gwiwata bai kai ba."

"Gabas? Da ƙafar wa?"

"Da tawa."

Duk ƙauyen an san ƙwan agwagwar da ta yi kiwo a kurmin ruwan gishiri: gwaiduwa ja jawur, saboda ƙananan ƙaguwar da take ci. Sai dai faffaɗar ƙafarta na kwantar da tsiro, bakinta na tone saiwa. Wannan fili kuwa, ta nan guguwar bara ta turo ruwa har ɗakin girkinsu, kuma Qiuyan ce ta ja matan unguwa suka dasa itatuwan tare ruwa a cikinsa da hannu.

Haka ta shiga kora garken zuwa gabas duk janyewar ruwa, ko ana rana ko ana yayyafi. Kaifafan ɓawon katantanwa da ke cikin taɓo suka yayyanka mata tafin ƙafa. In ta dawo, tsohon na zaune bakin ƙofa yana gyaran taru.

"Ga shugabar makarantar agwagi! Yau me aka koya musu, lissafi?"

"Ladabi, Baba. Akwai sauran gurbi in kana so."

Sai ya yi tsaki, ya tura mata kwanon kunun shinkafa da citta, mai zafi, wai ragowar nasa ne. Kwanon kuwa cike yake fal.

Dashen ya kama, ya kai mata ƙirji, ƙaguwa suka cika gindinsa. Amma doguwar tafiya ta ramar da agwagi, ƙwai ya ragu, mai sarin ƙwai ya koma wajen maƙwabta. Deshun ya sayar da rabin garken da ya gada wurin mahaifinsa. Wani aikin da aka kira ta ta yi a birni, da ba ta je ba, aka ba wata. Ƙafarta ta hagu kuwa, har yau ba ta taka ta daidai.