Jakin Bappa Liti a Talabijin

Duk Lahadi bayan la'asar, sai Ja'afar da Bappa Liti, ƙanin mahaifinsa, sun yi musu a gaban talabijin ɗin gidansu na Beli. Tashoshi biyu ne ke nuna taƙaitattun wasannin ƙwallo da Hausa. Ja'afar ya fi son ta farko don ba ta ɓata lokaci. Bappa kuwa ya ce mai sharhinta kamar mai karanta sanarwar rasuwa yake, shi dai na ta biyu, mai zaƙin baki.

Hidaya, ƙanwar Ja'afar, tana gefe tana duba littattafan ɗalibanta, ba ta sa baki. Wata huɗu ke nan da ta je Kano ta kai wa tashar ta biyun sharhin wasanni goma da ta rubuta. Suka karɓi takardun, suka ce muryar mace ba ta dace da ƙwallo ba. Tun daga nan take jin kalamanta suna fitowa ɗaya bayan ɗaya daga bakin mai sharhin nasu. Sau ɗaya ta faɗa wa Ja'afar, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ba ta sake faɗa ba. Ta ci gaba da rubutunta duk mako, ba wanda ya sa ta.

Ran nan aka nuna wani ɗan baya ya tsaya cak, ɗan gaba ya wuce shi ya ci. Sai mai sharhin tasha ta biyun ya ce, "Ya kafe kamar jakin Liti a bakin rafi!"

Kofin shayin Bappa ya tsaya a hanya, bai kai baki ba.

"Ja'afar, me ya ce?"

"Jakin Liti ya ce, Bappa."

"Wane Litin? Jakin nan shekararsa uku da mutuwa. Ko Rogo da ke nan kusa bai taɓa zuwa ba, balle Kano."

Hidaya ta tashi ta shiga ɗaki. Ta fito da littafin da take fara rubutu a ciki kafin ta kwafe, ta buɗe ta ajiye a cinyar Ja'afar.

"Karanta, Yaya. Da ƙarfi, tun daga kwanan wata."

Ya karanta. Ga jakin nan a layi na shida. Ya juya shafi, ya ci karo da "ya ɓare su kamar gyaɗa", maganar da Bappa ya yi mako biyu yana maimaitawa a majalisa. Ya ɗago ya dubi ƙanwarsa.

Bappa ya juya wajen Hidaya. "Yanzu, 'yar nan, duk wata huɗun nan ke nake yabo? Kina zaune kina jina?"

"Ina jinka, Bappa. Har gyara kake mini, ka ce in koyi magana a wurin mai sharhin."

Ja'afar ya rufe littafin a hankali. "Gobe zan kai ki tashar tasu. Sai sun faɗi sunanki."

"Ba can za mu ba." Ta karɓi littafinta ta goge bangon da gefen mayafi. "Tasharka za ka kai ni, ta masu sanarwar rasuwa. Su ne ke da buƙata. Kuma da bakina zan karanta musu."

Bappa ya ajiye kofin, shayin ya riga ya huce. "In sun yi musun ke kika rubuta," in ji shi, "ku ce mai jakin yana nan da ransa."