Hanta Mai Gaggawa

"Buɗe bakin. Ɗaga harshe."

Kafinta ya buɗe, ya ɗaga. Mutum da furfurarsa, har da jikoki, ga shi tsaye a tsakar ɗaki baki hangame kamar yaron da aka kama da alewa. Matarsa ta leƙa dama, ta leƙa hagu, sannan ta ce ya rufe.

"Sifeto, an gama bincike? In tafi?"

"Ka tafi ina? Yau asibiti za mu, kuma ƙafata ƙafarka."

Tun da gyambon ciki ya sa shi gaba ake wannan fama. An ba shi ƙwaya, yana sha, ciwo bai ko gezau ba. Maƙwabcinsu mai gyaran rediyo kuwa irinta ya sha, kafin wata ya ƙare har ya yi kumatu. Da matar ta haɗa wannan da wancan, sai ta yanke hukunci: maigida tofar da maganin yake yi. Ba ta tsaya nan ba, ta kai ƙararsa wurin yayarsa, yayar ta baza wa dangi. Yana dariya a kan abin, amma yana cinsa a rai fiye da ciwon. Duk tsawon zamansu ba ta taɓa ƙaryata shi ba sai yanzu.

A asibiti suka zauna a benci mai rawa. Kafinta ya dinga latsa ƙafar bencin yana tsaki, wai ko almajirin sana'a ba zai buga ƙusa a nan ba. Da aka kira su, likitar, wata mace mai fara'a, ta riga ta buɗe sakamakon jinin da ta ɗiba a zuwansa na baya.

"Likita, kafin ki fara," in ji matar, "ki ja masa kunne. Ba ya sha."

"Yana sha, Mama."

"Wa ya gaya miki?"

"Jininsa." Likitar ta juya wajen Kafinta. "Baba, a cikin hanta akwai wani sinadari da ke narkar da magani. Na wasu a hankali yake aiki, na wasu daidai. Naka gaggawa gare shi. Kafin ƙwayar ta fara aikinta ya riga ya share ta."

"Kamar sabon zarto ke nan," in ji Kafinta.

"To, ka ma fi ni iya faɗa. Kuma gado ne, kamar tsayi ko launin fata. A wasu al'ummomi masu irin hantarka suna da yawa, a wasu kaɗan ne. Ko a gida ɗaya ma sai a sha bamban. Awon da ke jikin kwalin maganin kuwa, yawanci a kan mutanen wasu ƙasashe aka gwada shi."

"Amma maƙwabcinmu..." Matar ta fara.

"Hantarsa daban, Mama. Zan canja wa Baba wani maganin da ba ta wannan hanyar yake bi ba."

Kafinta ya gyara zama, ya gyara hula. Wani sanyi ya ratsa shi tun daga ƙirji, tun ma bai sha sabon maganin ba.

"Likita, don Allah maimaita na farkon nan. Kunnen Sifeto yana da nauyi."

Likitar ta kwashe da dariya. Matar ta sunkuyar da kai, ta shiga neman abin da ba ta ajiye ba a cikin jaka.

Suka karɓi magani, suka hau bas. Bakin Kafinta ya ƙi rufuwa. Ya gaishe da direba, ya gaishe da kwandasta, ya yi wa jaririn da ke gabansu wasa. Da motar ta tsaya a cunkoso, sai ya ga ta ciro waya ta danna.

"Yaya, ina wuni. Daga asibiti muke." Ta yi gyaran murya. "Maganar nan da na kawo miki, ki janye ta. Yana shan maganinsa. Ni ce na ɗauki alhakinsa, kuma ki gaya wa duk wanda kika gaya wa."

Fasinjojin kusa suka juyo suna kallonsu. Kafinta ya kalli taga, don idonsa ya ciko kuma ba ya so a gani. Can ya matso kusa da ita, ya rage murya.

"Anya ta ji? Kin san layin nan da yankewa. Sake kira."

Ta harare shi, harara mai kyau. Sannan ta sake dannawa.