Akwatin Bawa Tela

Abdulwahid ya ɗauki ambulan uku daga akwatin ubansa ya kai wa kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa a takardar zama. Ranar Talata ya yi haka, uban yana masallaci. Ranar Juma'a tsohon ya gane.

Sunan tsohon Na'ibi. Tela ne a unguwar Bani Malik ta Jidda, ɗan tela. Ubansa Bawa ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa, ya shekara tara a hanya, ya tsinci auduga a Sudan, ya tsallako teku, ya yi hajji, ya kafa keken ɗinki kusa da bakin ruwa a Jidda. A zamanin nan alhazan ƙafa ba su da adireshi. Mai son aika wa ɗan'uwansa magana sai ya sa a rubuta sunan mutumin a bayan ambulan, a ƙara da cewa: a hannun Bawa tela, Jidda. Wasiƙa ta shiga taragon gidan waya a Sannar ko Wad Madani, jirgin ƙasa ya kai ta Bur Sudan, jirgin ruwa ya ƙarasa da ita. Wasu ma daga Kano suka fito, suka bi jirgin Ikko. Mai ita in ya iso ya karɓa. In bai iso ba, Bawa ya sa ta a akwatin ƙarfe, a liƙe yadda ta zo.

Da Bawa ya mutu bai bar gida ba. Bai bar takardar zama ɗan ƙasa ba, don kullum cewa yake baɗi zai koma. Keke ya bari, da akwatin. Ya ce amana ce. Kada a buɗe, kada a bai wa kowa sai mai sunan ko jininsa.

Na'ibi bai yi karatu mai nisa ba, amma sunayen nan saba'in da shida suna kansa. Duk lokacin hajji yakan ɗauki akwatin ya je masaukin alhazai bayan la'asar, ya tsaya ya kira su ɗaya ɗaya. Mutane su dube shi, su ci gaba da ɗaurin kayansu. Rabon da wani ya amsa, shekara goma sha ɗaya ke nan. Wata tsohuwa ce, Dela, daga Mai Wurno ta Sudan. Ta ji sunan uwarta, ta karɓa, aka karanta mata. Ubanta ne yake cewa yana raye, a jira shi. Uwar ta mutu tana zaton ya yashe su. Dela ta zauna a ƙasa ta daɗe ba ta tashi ba.

Danshin teku yana cin takarda, shi ya sa kowace Juma'a da hantsi Na'ibi yake baza wasiƙun a tabarma su sha iska. Ran nan sai ya ga takardu uku a naɗe a gefen akwatin, tsirara, ba ambulan.

Bai kira kowa ba. Ya zauna har ɗan ya dawo daga aiki don ya shirya masallaci.

"Zo nan. Mene ne wannan?"

Abdulwahid mutum ne mai shekara talatin da takwas, direba a kamfanin kayan gini na kafilinsa Ustaz Jamil a unguwar Sharafiyya, da mata da 'ya'ya huɗu. Ya tsaya a bakin ƙofa da mukullin mota a hannu.

"Abuya, ai wasiƙun ga su nan. Ɓawon kawai na kai."

"Ɓawo."

"Ustaz yana tara su. Tsoffin ambulan masu hatimin jirgin ƙasa. Ya ji labarin akwatin, ya ce yana so ya gani. Iƙamata, izinin zamana, ta ƙare tun Rajab, Abuya. Takardar tana kan teburinsa, sa hannu kawai ya rage. Kullum bukura, bukura, wai sai gobe. Da na kai ukun nan ka ga yadda ya tashi ya zuba mini shayi da hannunsa."

"Ya sa hannun?"

"Ya ce sai ya ga sauran."

Na'ibi ya san sunayen da suka ɓata. Usuman ɗan Gobir. Maimuna matar Tanko. Husaini mai jaki. Ya ɗaga takarda ɗaya da yatsa biyu.

"Wannan ta wane ne a cikinsu?"

Ya ɗaga ta biyu.

"Wannan fa?"

"Ban lura ba. Sauri nake. Na duba daga baya, ba suna a ciki. Gaisuwa ce kawai, da labarin rasuwa, da..."

"Ashe ka karanta."

"Don in gane mai ita ne, wallahi."

"Fita. Kada ka makara salla."

Ya nannaɗe takardun uku a ƙyalle ya ajiye su daban. Shekara arba'in, hamsin, suna jiran masu su. Yanzu ko masu su sun zo sun tsaya a gabansa, bai san wadda zai miƙa wa wa ba.

Matarsa Mastura ta bari sai da ya ci abinci, sannan ta zauna nesa da shi kaɗan.

"Malam, mutanen nan sun mutu."

"Sun haifa."

"Kai ma ka haifa. Jiya jawazat, 'yan shige da fice, sun kwashi mutane a kasuwa, mota biyu. In suka tare shi ina za su kai shi? Ƙasar da bai taɓa gani ba? Hausar tasa ma rabi Larabci ce. Matarsa Luba da yaran nan wa zai riƙe su, keken naka?"

"Na ji."

"Ba ka ji ba. Shekara goma sha ɗaya kana kiran matattu a masauki, yara na yi maka dariya. Mai rai yana cikin gidanka."

Maganarta gaskiya ce, ya sani. Ya koma kan keke ya ɗinka wuyan riga ɗaya sau biyu, ya warware.

Kwana huɗu bayan haka Ustaz Jamil ya zo da kansa, bayan la'asar. Ya bar motarsa a bakin titi don lungun ba ya shiguwa. Mutum ne mai fara'a, ya cire takalmi, ya sumbaci kan tsohon, ya zauna a tabarma. Abdulwahid ya tsaya ta baya yana fassara inda Larabcin ya yi wa uban nauyi. Mastura tana bayan labule.

Ustaz ya buɗe wani babban littafi mai bangon fata. A shafi ɗaya ga ambulan ukun, an shimfiɗa su a ƙarƙashin takarda mai sheƙi, an yi rubutu a ƙasan kowace.

"Dubi nan, ya ammi, baffana. Wannan hatimin ba a gari aka buga shi ba. A cikin jirgi aka buga, yana tafiya, ma'aikaci yana tsaye a tarago yana rarraba wasiƙu. Dubi kan sarkin, mai raƙumi. Shekara ashirin ina neman irinsa. Kai kuma ga su jibge a wurinka, gara za ta cinye. A wurina za su daɗe fiye da ni da kai."

Na'ibi ya sunkuya. Ya ga sunan Maimuna matar Tanko, da rubutun tawada da ya koɗe, da bakin ambulan inda aka tsaga da reza.

"Ba na son wasiƙun," in ji Ustaz. "Asirin mutane ne, a'uzu billahi. Ka riƙe su. Ɗanka ya buɗe a hankali, ya ba ni ambulan, halas, shi ke nan."

"Sunan yana ina?"

"Na'am?"

"Sunan mai wasiƙa. Yana ciki ko yana baya?"

Ustaz ya yi dariya. "Sai a kwafa a wata takarda. Abu mai sauƙi."

"In jikar matar nan ta zo, in miƙa mata takarda a buɗe, da rubutun ɗana a kai. In ce mata ba wanda ya gani."

"Ya ammi, wa zai zo?"

"An taɓa zuwa."

"Sau nawa?"

Ustaz ya zaro wata takarda daga aljihun gaba, ya shimfiɗa ta a kan littafin, ya ɗora alƙalami. Kowa a ɗakin ya san takardar, ta iƙamar Abdulwahid ce.

Ustaz ya ce, "Abdulwahid ɗana ne. Ba na tilasta wa kowa. Amma mutum yakan yi wa wanda ya yi masa."

"Ka maido mini ukun nan."

"Waɗannan kyauta aka ba ni."

"Wanda ya ba ka ba nasa ba ne."

Fara'ar ta ragu a fuskar Ustaz. Ya dubi agogonsa. Abdulwahid ya durƙusa kusa da uban, ya yi ƙasa da murya.

"Abuya, don Allah. Ban taɓa roƙonka komai ba."

Labulen ya motsa. "Malam," in ji Mastura.

Na'ibi ya dubi ɗansa. Ya ga furfura ta fara fito masa a gefen kai, bai taɓa lura ba sai yau. Ya dubi takardar da alƙalamin. Ya ji muryar jikokinsa a tsakar gida suna faɗa da Larabci. Sannan ya jawo akwatin kusa da gwiwarsa, ya danna kwaɗon har ya yi ƙara, ya sa mukullin a aljihu.

"Ba nawa ba ne," ya ce. "Ba zan bayar ba."