Ɗan Siririn Mutumin Cikin Waya

Tun da idon Baba ya fara yin hazo ya daina tuƙa babur, amma bai daina goge shi ba. Kowace safiya sai ya fito da tsumma ya bi tanki da madubi, sannan ya mayar da shi ƙarƙashin rumfa. Ɗansa Dogo, mai gyaran firji, shi ya kasa jure ganin haka. Ya yi alkawarin ranar hutunsa zai goya Baba su je wurin Sarkin Kwana, tsohon abokin tafiyarsa, wanda ya koma bayan duwatsu da zama, shekara da shekaru ba su ga juna ba.

Inna ta yarda, amma da sharaɗi. "Ku je ku dawo a ranar. Likita ya ce ya riƙa kwana a gadonsa. Ba kwana."

"Hanya babu kwana ai ba hanya ba ce," in ji Baba. "Daɗin babur duk a kwana yake."

"Ka san ba wannan kwanan nake nufi ba, tsoho."

Dogo ya sauke manhajar tsara hanya a wayarsa, ya rubuta inda za su, layi shuɗi ya miƙe gwanin sha'awa. Sai ya duba ƙasa. Wayar ta ce zuwa kaɗai zai cinye yini guda har da ɗoriya.

Bai gaya wa kowa ba. A shago, tsakanin firji da firji, sai ya goge hannu ya ja layin nan ta gabas, ya ja ta yamma. Duk inda ya ja, lokacin ƙaruwa yake. Baba kuwa har ya sa an wanke masa hular kwano, ya ciro tsohuwar rigar fatarsa ya rataye a bayan ƙofa.

Ana gobe tafiya, da la'asar, Dogo ya shigo falo ya tarar Baba ya shimfiɗa tsohuwar taswirarsa a kan tebur. Duk ta tsage a wurin ninki, an liƙe ta da salatif. Ya danne kusurwoyinta da kofin shayi da kwalbar maganinsa, yana bin ta da zare, hancinsa kusan a kan takarda.

"Baba," Dogo ya ce a hankali, "tafiyar nan ba za ta yiwu ba. Waya ta ce sai an kwana."

Baba ya ɗago. "Wace wayar? Duwatsun ne suka matsa, ko garin ne ya yi ƙaura?"

"Wataƙila hanyar ce ta canza."

"To karanto mini inda ta bi da mu."

Dogo ya zauna ya fara karantowa, Baba na bi da yatsa. Aka wuce tashar jirgi, Baba ya gyaɗa kai. Aka kutsa ta tsakiyar kasuwa, ya ɗaure fuska. Da aka zo gadar da ke bayan ma'aikatar katako sai ya ɗage yatsan.

"Tsaya. Wannan gadar ai matakala ce da ita. Mu za mu goya babur ɗin ke nan?"

Inna, wadda ke ninke wanki a kujera, ta miƙo hannu. "Ba ni in gani." Ta nisanta wayar da fuskarta, ta ƙura ido. "Wannan ɗan mutumin da ya yi shuɗi a sama fa? Ga mota, ga babur, shi kaɗai ke haske."

"Ni ne," in ji Dogo. "Tambaya take wa zai yi tafiyar, shi ne na danna mutum."

"Kai ne?"

"To ba ki ga siriri ne ba, ga dogayen ƙafafu?"

Baba ne ya fara, wata dariya ta taso masa daga ciki har kofin shayi na rawa a kan taswira. Inna ta kifa fuska a cikin zanen gado.

"Ɗan nan a ƙasa zai kai ni!" Baba ya ce yana share hawaye. "Mako guda yana tsara mana tattaki!"

Dogo ya karɓi wayar, ya danna ɗan babur ɗin. Layin ya tashi daga kasuwa, ya kauce wa matakala, ya hau titi ya nannaɗe duwatsu. Lokacin ya zube ya koma tafiyar hantsi. Ya duba, ya sake dubawa, sai shi ma dariyar ta ƙwace masa.

"Inna, za mu ci abincin rana a can, mu dawo kafin rana ta faɗi."

"Kwana nawa ne a hanyar?" Baba ya tambaya.

"Ba su ƙirguwa."

"Ka ji magana."

Da safe Inna ta cusa kwalbar magani a aljihun rigar fata, ta ja zif da kanta, ta ɗaure wa Baba igiyar hula a haɓa. Dogo ya maƙala wayar a kan sitiyari. Suna fita gari muryar cikinta ta ce a yi dama, Baba ya daki kafaɗarsa daga baya ya ce, "Ta yi gaskiya, bi ta!"

A kwanar farko ta hawan dutse Dogo ya rage gudu. Sai ya ji Baba ya kwanto tare da babur ɗin, daidai yadda ya kamata, yana ihu cikin iska kamar yaro.

Sarkin Kwana na zaune a ƙofar gida da sandarsa. Tun kafin su ɓullo ya miƙe tsaye, don ya gane kukan injin. Tsofaffin biyu suka rungume juna, hular kwano na ƙwanƙwasar goshi.

"Yaya hanya?"

"Lafiya lau," in ji Baba yana nuna Dogo. "Ka gode wa Innarsa. Da a ƙasa za mu zo maka."