Kurkunu a Ƙafar Hudu

Duk wanda ya ga Malam Hudu yana gudu a hanyar Kurfi zuwa Dutsin-Ma sai ya tsaya kallo. Dogo ne, wuya a miƙe, ƙafafun nan kamar suna ƙyamar taɓa ƙasa. Baturen ilimi da ya zo rangadi makarantar da yake koyarwa ya laƙaba masa suna Olimfiyan, ya kuma sa shi cikin masu zuwa Kaduna gwajin tsere, inda za a zaɓi masu tafiya ƙasar waje. Hudu ya bayyana wa matarsa Zinariya cewa Girkawan dā sun ce allolinsu bisa wani dutse suke zaune, daga nan ake kiran mai kwarjini da gwanin tsere da wannan suna.

"A'uzubillahi," in ji ta. "Mu dai namu dutsen ya ishe mu." Amma a zuci wani daɗi ta ji, har sai da ta sunkuyar da kai.

Damina na tsakiya bororo ya fito masa a idon sawu, yana zafi kamar garwashi. Da ya fashe sai ga farin kan kurkunu.

Gwaggo Rekiya ta zo daga Kurfi ta nuna wa Zinariya yadda ake yi. A ɗaura kansa a jikin tsinke, kullum da safe a naɗe kaɗan, da ya turje a ƙyale shi.

"Kada ki kuskura ya tsinke a ciki, 'yar nan. Kin dai ga kawunki Labaran."

Ta gan shi kuwa. Ƙafarsa ta kumbura ta yi ruwa, daga baya ta shanye, har yau jan ta yake yi.

Ranar tafiya ta zo kurkunu bai gama fita ba. Da hantsi suka ji motar En'e, wato hukumar gargajiya, tana oda a bakin kasuwa.

"Ja shi gaba ɗaya," in ji Hudu.

"Malam, ka rufa mini asiri."

"Ke, tsutsa ce fa! Tsutsa za ta hana ni Kaduna?"

"Tsutsar da ta kayar da Kawu Labaran. Shi ma ai ƙato ne."

Motar ta sake oda. Kafin ta ankara ya fizge tsinken ya fara murzawa. Farin zaren ya miƙe, ya yi siriri, ya ƙara siriri, har tana hango ƙasa ta cikinsa. In ta janye hannunsa, ita ce za ta tsinka shi. Sai ta kama wuyan hannun da hannu biyu ta tura shi wajen ƙafar don zaren ya sassauta, ta kifa goshinta a gwiwarsa.

"Wallahi ban auri Kaduna ba," ta ce. "Ban san dutsen Girkawa ba. Ƙafar nan na sani. Sakar mini ita."

Tana jin jijiyar hannunsa tana bugawa. Ba ta yarda ta ɗago ba, don tsoron abin da za ta gani. Can suka ji motar ta tashi, ƙararta ta yi nisa, ta ɓace. Yatsunsa suka saki a hankali.

Ta duba. Zaren yana nan, bai tsinke ba. Ta warware masa kaɗan, ta zuba ruwa, sannan kuka ya ƙwace mata. Hudu kuwa bango kawai yake kallo.

Sai bayan an fara yankan gero kurkunun ya fita ɗungurungum. Baturen bai sake zuwa ba, wani aka kai Kaduna. Wata safiya ta leƙa ta zaure ta hango Hudu ya nufi makaranta, wuya a miƙe, ƙafa biyu suna taka ƙasa daidai. Ta furta sunan nan da Baturen ya laƙaba masa a hankali, yadda shi ma ba zai ji ba, sannan ta yi istigfari ta koma ciki.