Rungumar Madam Nargis

"Ibtisam, cire audugar nan da kika cusa, dubiya kika zo ba biki ba!"

Muryar ta biyo ramin iskar da ke tsakiyar benen, ta faɗo har kicin ɗin hawa na biyu, inda Nahid ke tsaye tana jiran ruwan shayi ya tafasa. Sama ta yi tsit. Sai ga ƙarar takalmi mai tsini yana saukowa da gudu, aka banko ƙofar hawa na uku har gilasan kicin suka amsa. Nahid ta kashe wuta, shayin ya fita daga ranta.

Mai muryar ita ce Madam Nargis ta hawa na huɗu, mai shagon rigunan mama da ke ƙasan benen. Likita ya ce zuciyarta ta gaji, a kai ta gida a bar ta ta ci abin da take so. Ba ta nemi abinci ba, baki ta buɗe. Matar da ta tsufa tana ɗinka wa matan unguwar rigar ciki ba a taɓa jin sirrin kowa a bakinta ba, yanzu duk wadda ta shiga dubiya sai ta fito tana share zufa.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne yadda take awo. Madam Nargis ba ta taɓa sa wa mace tef ba. Cewa take, mace na ganin tef sai ta riƙe numfashi ta shanye ciki, amma in aka rungume ta sai ta saki jiki, gaskiya ta fito. Saboda haka runguma ɗaya take yi, ta ɗan bubbuga baya, ta koma kan keke ta yanka yadi. To ga ta a gadon mutuwa, kuma wane ne zai ƙi rungumar mai shirin tafiya? Ta haka unguwa ta san amaryar mai kantin magani aro take yi wurin yayarta, matar liman kuma ja take so mai leshi.

Duk Iskandariyya babu wanda ya san sunan Nahid sai wannan tsohuwa. A gidan, da kan titi, da kamfanin jigilar kaya inda take aiki a tashar jiragen ruwa, Ustaz Wagdi ake kiranta, mutum mai kamun kai wanda ba ya tuɓe kwat ko da zafi na narka kwalta. Nahid ta daɗe da sanin ita mace ce, ko da yake da jikin namiji aka haife ta, ta kuma daɗe da sanin irin garin da take zaune. Ofishinsu ba a ɓoye ko allura. Duk ƙunshin da aka aiko wa ma'aikaci sai masinja ya buɗe ya leƙa, wai don tsaro. Banɗaki ɗaya ne, sakatarsa ta lalace tun zamanin tsohon manaja, mai shiga sai ya tokare ƙofar da ƙafa yana tari. Shugaban sashen nasu kuwa Ustaz Fikri ne, mijin Madam Ibtisam, wanda ke kwana daidai saman kanta. In magana ta fita, aikin ya tafi, ɗakin hayan ya bi shi, abin da zai biyo baya kuma ba ta ma son tunaninsa.

Ranar da ta fara shiga shagon, shekarun baya, ƙarya ta shirya tun daga gida. Ta ce wa ƙanwarta za ta saya, tana ƙauye, kunya gare ta. Madam Nargis ta dube ta ta saman tabarau, ta ce, "Zo in gaishe ka, maƙwabci." Ta rungume ta, ta bubbuga baya, ta ce, "Ikon Allah, ƙanwar nan faɗin kafaɗarku ɗaya. Ja ƙofar nan ƙasa rabi." Da shagon ya yi duhu-duhu sai ta tambaya, kamar mai tambayar ko za a sa sukari, "To, da wane suna zan kira ki?" Nahid ta yi kuka ranar har tsohuwar ta yi mata faɗa kada ta jiƙa mata yadi. Tun daga nan keken ɗinkin Madam Nargis ya kama lalacewa duk bayan 'yan watanni, kullum ranar Juma'a da rana sa'ad da titi ya watse, kuma Ustaz Wagdi kaɗai ya iya gyaransa. Unguwa ta yi ta yabon kirkinsa, shi da ko zare bai iya zura wa allura ba.

Nahid na nan tsaye a kicin aka ƙwanƙwasa. Ustaz Fikri ne, ya sha kwat da turare, ƙirji a gaba ciki a shafe kamar na soja.

"Wagdi, sa takalmi mu hau. Tsohuwar nan tun safe take kiran mai gyaran keke."

"Ranka ya daɗe, mura nake ji, kada in shafa mata."

"Mura? Matar da ke jiran Mala'ika ce za ta ji tsoron murarka? Kai dai ba ka son mutane, shi ne matsalarka, har a ofis na lura." Ya rage murya. "Ta zubar wa Madam mutunci, ka ji ai. Dole in je in nuna ba mu riƙe ta ba. Mu maza me za ta ce mana?"

Nahid ta nemi ta shiga ɗaki ta canza kaya, domin a ƙarƙashin singileti da riga tana sanye da rigar mama ta ƙarshe da aka ɗinka mata, mai laushi marar ƙarfe, wadda ba ta nunawa ta cikin kwat. Ustaz Fikri ya ciro kwat ɗin daga jikin ƙusa ya miƙa mata, ya ce ba fadar shugaban ƙasa za su ba. Haka ta bi shi tana hawa.

Ɗakin cike yake. Mata sun jeru a kan kujeru kowace ta naɗe hannu a ƙirji, mai gadin gidan na bakin ƙofa ya ƙi tafiya don kada a yi babu shi, Dalal 'yar ƙanwar tsohuwar tana zagayawa da tiren shayi tana ba kowa haƙuri. Madam Nargis na jingine da matasai, ta rame ƙwarai, amma ta sa jan baki, idon nan nata yana yawo kamar na mai zaɓen tumatir a kasuwa.

"Ga mai kekena! Ka gudu ka bar ni, Wagdi?"

"Wallahi aiki ne, Madam. Yaya jikin?"

"Jiki ya gama nasa. Matso."

Ta buɗe hannuwa. Nahid ta gyara kwat ɗinta. Ta yi taku ɗaya, sai tsohuwar ta karkatar da kai ta dubi bayanta.

"A'a, babba tukuna. Ustaz Fikri, zo mu yafi juna."

Ustaz Fikri ya gyara wuyan kwat, ya dubi matan da murmushin wanda ba shi da abin tsoro, ya sunkuya. Ta rungume shi, ta bubbuga baya, ta sake bubbugawa, sai aka ji wani abu ya amsa kamar an taɓa ganga.

"Haba Fikri! Har yanzu wannan ɗamarar tumbin ce? Ban ce maka ka kawo in ƙara maka ƙyalle ba? Ka ja ta har maɓalli na ƙarshe, da me kake numfashi, da kunne?"

"Madam, zazzaɓi ne ke sa ki..."

"Zazzaɓi ne ya shigo da kai ta ƙofar baya kana ce mini kada Ibtisam ta ji? Dalal, kawo almakashi a ceci bawan Allah, fuskarsa ta koma kalar gauta."

Mai gadi ya fara, dariyar ta ƙwace masa ta hanci. Matan da suka sha nasu a kwanakin baya suka saki hannuwa daga ƙirji suka dara da dukan cikinsu. Ustaz Fikri ya miƙe da ƙyar, don ɗamarar ba ta yarda da sunkuyo, ya ce yana da waya mai muhimmanci, ya fita. Rabin ɗakin ya bi shi zuwa bakin matattakala don ganin yadda yake sauka, sauran suka ruga taga.

"To, yanzu zo," in ji tsohuwar a hankali.

Nahid ta durƙusa a bakin gadon. Hannuwan suka zagaye ta, marasa nauyi, yatsun suka bi bayan kwat ɗin suka tsaya daidai inda suka sani.

"Kin rame, Nahid," ta raɗa mata a kunne. "Tsoro ne? Ke ma kin ɗauka na zautu?"

"Kowa haka yake cewa, Umma."

"Hankalina garau. Na gaji ne da haɗiye magana, na ce bari in ɗan huta kafin in tafi. Waɗancan nasu abin dariya ne, gobe sun manta. Naki da ni za a binne shi." Ta ja numfashi. "Ki matsa maɓallin ciki, ya yi miki sako-sako. Kuma wanki da ruwan sanyi, na gaya miki, kin ƙi ji."

Da ta ga matan sun fara dawowa sai ta ture ta, ta ɗaga murya. "Wannan kuma babu komai a jikinsa sai ƙashi. Ku ba shi abinci, jama'a, ko kwa samu lada!"

Ba ta kai Juma'a ba. Ta rasu da hantsi, bayan ta sa Dalal ta gyara mata jan baki ta kuma ce shayin ya yi sanyi. Matan unguwa suka yi kuka na gaske, har Madam Ibtisam, wadda ta fi kowa, domin babu wadda ta san inda za ta kai kanta yanzu. Nahid ba ta da wurin kuka. Sama ta mata ce, ita kuwa aka zaunar da ita a rumfar maza a kan titi, ana miƙa mata gahawa ba sukari. Ustaz Fikri ya zauna kusa da ita, cikinsa ya sauko kan cinya a sake, ya ce ba tare da ya dube ta ba, "Abin da aka ji a sama, a sama zai tsaya. Ofis ofis ne, Wagdi. Kowa da abin da ke ƙarƙashin rigarsa." Ta ce haka ne, ranka ya daɗe.

Bayan sallar azahar aka fito da makara daga masallaci. Mata suka tsaya a baranda suna ɗaga hannu, iyakarsu ke nan. Maza suka yi ta karɓa-karɓa kamar yadda aka saba, kowa ya ɗauka 'yan taku ya ba na baya. Nahid ta kutsa ta sa kafaɗa a gaba ta dama. Katakon ya sauka daidai kan siririn hannun rigar da ke ƙarƙashin kwat, ya danna shi cikin fata. Wani ya taɓa ta ya ce, "Kawo in karɓe ka, Ustaz." Ta girgiza kai, ta gyara kafaɗa, ta ci gaba da tafiya da ita har ƙofar maƙabarta.